Tsangwama da shaƙuwa tsakanin masu son jinsi ɗaya: muhawarar ma'aikatan lafiya a Yamai

Majo Lawali:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da hantsi. Duk lokacin da aka zauna kan rukunin da takardunmu ke kira HSH, wato maza masu neman maza, maganar ba ta wuce gwaji da kwaroron roba da yawan ƙwayar da aka raba. Ba a taɓa abin da ke tsayar da maganin. Mutum biyu suna tare shekara da shekaru, ɗaya na shan ARV, wato maganin sida, ɗayan bai sani ba. Ko ya sani amma ba ya iya rako shi asibiti. Ko kuma su rabu a watan da aka fara zancensu a unguwa, shan magani ya tsaya tare da rabuwar. Tambayata ga Dokta Mariyama da sauran masana: ta wace ƙofa tsangwama ke shiga tsakanin mutum biyun nan har ta ɓata shaƙuwarsu? Kuma me ma'aikacin lafiya zai iya yi cikin minti 15 da yake da su? Don Allah kada a kawo sunan kowa, ko unguwarsa, ko sana'arsa.

Malam Isufu:
Wa alaikumus salam. Majo, gara in faɗi inda na tsaya tun yanzu, kada a yi ta kewaye-kewaye. A addinina wannan aiki haramun ne, kuma ba zan ce wa kowa ba haka ba ne. Maganin sida kam dole a ba kowa, rai ne. Amma gyara zaman da ke tsakaninsu, wannan ya shiga aikinmu?

Dokta Mariyama:
Malam, Allah ya ƙara girma. Ba a nemi kowa ya sake aƙidarsa ba. Wanda ya shigo ɗakin duba marasa lafiya da rashin barci da faɗuwar gaba, dole mu san inda ciwon ya samo tushe, in ba haka ba ƙwaya kawai za mu riƙa miƙa masa yana dawowa.

Wani masani a Amurka, Ilan Meyer, ya tsara bayanin a 2003. Ya raba nauyin da wanda ake tsangwama ke ɗauka gida biyu. Akwai na waje: zagi, duka, kora daga gidan haya, kora daga aiki. Akwai na ciki: zaman jiran a ƙi ka, ɓoyewa, da ƙyamar kai, wato mutum ya haɗiye abin da ake faɗa a kansa har shi ma ya koma ganin kansa haka. Na waje jefi-jefi yake zuwa, wani lokaci ma sai ya ƙara haɗa kan mutum biyun. Na ciki shi ne ke cin zama kamar gara.

Ku ɗauki ɓoyewa. Ku duba salular irin wannan mutum. Wanda ya fi so a duniya an ajiye lambarsa da sunan "mai gyaran babur". Kowane saƙo ana karantawa a goge. Babu hoto ko ɗaya na su biyun. In kira ya shigo yana zaune a fada ana shan shayi, sai ya amsa da muryar da ake amsa wa mai bin bashi, ya ce "zan kira ka", ya kashe. Wanda ke can ya san dalili sarai, amma abin da ya shiga kunnensa muryar ce. A yi haka sau 5 a yini, har shekara 3. Shaƙuwa da ƙananan abubuwa take ginuwa: ka kira a amsa da fara'a, ka faɗi damuwarka a saurara, a tuna maka abin da kuka yi tare bara. Ɓoyewa na kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Kuma wanda ya yini yana tsare fuskarsa da muryarsa da tafiyarsa, ba ya iya sakin jiki don kawai an turo ƙofa. Jikin ya riga ya koyi gadi. Shi ya sa ƙorafin da aka fi kawowa shi ne "yana tare da ni amma hankalinsa ba ya nan".

Ƙyamar kai kuma alamarta a fili take. Bayan an kusanci juna sai ɗaya ya tashi cikin ƙunci, ya ƙi haɗa ido, ya ɓace kwana 10, ya toshe lamba, ya yi rantsuwa ba zai ƙara ba, sannan ya dawo yana kuka. Ɗayan yana ɗaukar abin wulaƙanci ne ko yaudara, alhali mutumin da kansa yake faɗa. A 2009 David Frost da Meyer sun yi nazari kan mutum kusan 400 a birnin New York, suka ga masu yawan ƙyamar kai sun fi samun matsala a zamansu, kuma mafi yawan ɓarnar ta hanyar ciwon damuwa take bi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ciwon damuwa abu ne da muka san maganinsa.

Salifu:
Yaya Dokta, a ba ni dama in ƙara daga ɓangaren faɗakarwa. Tsoron ba daidai yake a wurin mutum biyun ba, kuma nan ne faɗa ke tashi. Ɗaya baƙo ne a gari, danginsa na nesa, yana da ɗakin hayarsa. Ɗayan kowa ya san gidan ubansa, musamman a gari kamar Tawa inda in ka tsaya da mutum a bakin kasuwa da safe, kafin azahar labari ya kai gida. Na farkon yana so a fita tare ko cin nama ne. Na biyun yana cewa "kada ka gaishe ni a hanya", "gyara tafiyarka", "daina yawo da wane, an san shi". Mai tsoron sai ya zama ɗan sandan ɗan'uwansa, yana faɗa masa irin maganar da 'yan unguwa ke faɗa. Wanda ake kira ɗan daudu a waje, in ya ji kalmar daga bakin wanda yake so, ba ya mantawa.

Sai maganar tatsar kuɗi. Tsarin kusan iri ɗaya ne kullum. A haɗu a Facebook ko WhatsApp, a yi hira mako biyu ko uku har a saki jiki, a nemi hoto, ko a kira mutum wani ɗaki inda wasu ke laɓe da salula. Daga nan a ce jikka 50 ko a tura wa dangi. In ya biya, sun gane yana da abin biya kuma yana tsoro, sai a dawo da jikka 100. Wanda aka taɓa yi wa haka, ko aka yi wa abokinsa, ba ya ƙara yarda da kowa har ciki. Yana tare da mutum shekara 2 amma bai gaya masa sunansa na gaskiya ba, bai nuna masa gidansu ba.

Abin da ya fi muni, makamin yana hannun masoyin kansa. "Zan kira babanka" kalma uku ce, amma tana iya tsare mutum cikin duka da ƙwace kuɗi tsawon shekaru. Macen da mijinta ke dukanta, da duk wahalarta, tana da gidan iyaye da za ta yi yaji, tana da waliyyi, tana da mai unguwa. Wannan ba shi da inda zai kai ƙara ba tare da ya tona kansa ba.

Hajiya Rabi:
'Ya'yana, na karanta duka, kuma akwai wadda ba a ambata ba. Matar gida. Maganin da iyaye suka sani ɗaya ne: "a yi masa aure zai daina." Sai a samo yarinya 'yar mutane, a kai ta. Wata 6, shekara 1, babu ciki. Wa ake tuhuma? Ita. A kai ta awo, a kai ta hoto, a ba ta jiƙe-jiƙe, a ce aljani ya aure ta, uwar miji ta fara maganar kishiya. Ita kuwa kunya ba ta barinta ta ce mijin ba ya zuwa shimfiɗarta sai an yi wata, ko in ya zo kamar an aiko shi. Tana zargin kanta, tana sayen kayan mata da kuɗin adashinta. Mu ungozomomi a nan muke ganin ƙarshen tsangwamar. An matsa wa namiji, matsin ya sauka a kan mace da ba ta ci ba ba ta sha ba.

Ga kuma matan da ake kira 'yan maɗigo. Su ba a maganarsu a shirye-shiryen sida, don haka kamar babu su. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 an aurar da su kafin shekara 18, yarinya ba ta kai ga gane kanta ba an kai ta ɗaki. Daga baya ta zo da ciwon mara da ba a ga dalilinsa a awo ba, da jin zafi duk lokacin da miji ya kusance ta, da kukan da ba ta san mafarinsa ba. Ba kowace mai wannan ciwo ce haka ba, kada a fahimce ni a karkace, dalilansa na da yawa. Amma akwai su a ciki, kuma ba mai tambayarsu. Abotar mata ba a cika sa mata ido ba, sai dai ranar da aka sa, hukuncin gida yakan fi na namiji tsanani: a ƙwace salula, a hana fita, a gaggauta aure.

Dokta, ina tausayin wanda kika kwatanta. Amma wa zai tausaya wa amaryar?

Dokta Mariyama:
Inna, tambayarku ita ce daidai, kuma amsarta ba ta rabu da tawa ba. Tushen ɗaya ne. Auren matsi mutum uku yake cutarwa. Matar kamar yadda kuka faɗa. Mijin da ke rayuwa biyu. Da na ukun, wanda watakila shi aka sa babban aboki, ya raba katin gayyata, ya tsaya wurin ɗaurin aure yana miƙa goro da dabino. Daga ranar nan shi ne mai jiran ragowar lokaci. Ba ya kira da dare. Ranar salla ba tasa ba ce. In ya yi ƙorafi a ce masa "ai ka san halin da nake ciki", kuma gaskiya ne ya sani, don haka ba shi da ikon yin fushi. Fushin da ba a ba shi hanya ba yakan koma kishi mai tsanani, ko giya, ko tramol.

Kuma ku dubi ranar mutuwa. Zaman makoki, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. 'Yan'uwa na gaba ana yi musu gaisuwa. Wanda ya yi shekara 10 da mamacin, wanda ya san maganin da yake sha da abin da ke ba shi dariya, yana can bakin tabarma cikin maƙwabta. Ya miƙa hannu ya ce "Allah ya jiƙansa, Allah ya ba ku haƙuri", a ce masa "amin, mun gode da zuwa". In ya yi kuka fiye da kima za a tambayi dalili, don haka ya haɗiye. Bayan wata 2 sai ya zo mana da ciwon kai da rama. In ba a tambaye shi "ka yi rashi kwanan nan?" ba, farasitamol zai tafi da shi.

Malam Isufu:
Maganar Hajiya ta shige ni. Wanda ya san ba ya iya sauke haƙƙin mace, aka rufe mata, aka ɗaura, an ha'ince ta, kuma iyayen da suka sani suka yi shiru suna da kaso. 'Yar mutane ba magani ba ce. A nan ba mu da saɓani.

Haka maganar masu laɓewa da salula. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana zato da bin diddigin asirin mutane. Hadisi ingantacce ya ce wanda ya rufa wa Musulmi asiri, Allah zai rufa masa. Mai ɗaukar hoton mutum yana karɓar kuɗi ɓarawo ne, kada ya fake da addini. Ma'aikacin da ya fita da maganar mara lafiya zuwa fada ya ci amana.

Amma ina da tambaya biyu, Dokta. Duk binciken da kika kawo na Amurka ne, zamansu ba namu ba ne. Na biyu, akwai wanda zai zo ya ce shi Musulmi ne, abin yana damunsa, yana so ya bari. Wannan za ki ce masa damuwarsa "ƙyamar kai" ce, ciwo ce da za a cire?

Dokta Mariyama:
Ta farko, kuna da gaskiya rabi. Yadda tsoro ke aiki a jikin ɗan Adam iri ɗaya ne ko'ina, kuma akwai shaida daga maƙwabta. Bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi a Janairun 2014, masu bincike a Abuja da suka riga suna bin wasu maza masu neman maza sun kwatanta kafin dokar da bayanta. Masu jin tsoron zuwa asibiti sun tashi daga 25 cikin 100 zuwa 38. An buga sakamakon a 2015. Inda kuke da gaskiya shi ne wajen shawara. Littattafan can sukan nuna cewa bayyana kai ga dangi na kawo sauƙi. A Yamai wannan shawara na iya raba mutum da ɗakin kwanansa, da jarinsa, da lafiyar jikinsa. Kada ma'aikaci ya tura kowa ya bayyana. Ɓoyewa tana ciwo, amma a nan sau da yawa ita ce garkuwa. Aikinmu mu rage ɓarnar da take yi a cikin ɗaki, mu bar ta a ƙofar gida.

Ta biyu. A'a, imanin mutum ba ciwo ba ne, kuma ba hurumina ba ne in raba shi da shi. Abin da zai yi da rayuwarsa shi zai yanke. Akwai wanda zai zaɓi kame kansa saboda Allah, a girmama shi, a taimake shi ya yi barci, ya ci abinci, ya daina tunanin kashe kansa. Abin da ba zan yi ba shi ne in yi masa alkawarin cewa akwai allura ko zaman shawara da ke juya sha'awa. Babu shaidar haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire son jinsi ɗaya daga jerin cututtuka ranar 17 ga Mayu 1990, kuma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta duniya ta faɗa a 2016 cewa ba a da hujjar ana iya sauya shi da magani. Wanda aka yi wa alkawarin sauyi bai sauya ba, sai ya yanke cewa shi ne la'ananne. Akwai tazara tsakanin "na yi zunubi ina neman gafara" da "ni ƙazanta ne, gara in mutu". Ta biyun nake kira ciwo, kuma na san ku ma ba za ku bar mutum a kanta ba.

Malam Isufu:
Ba zan bar shi ba. Yanke ƙauna daga rahamar Allah shi kansa babban laifi ne. Matsayina kan aikin yana nan inda yake, amma wannan rabewar na karɓe ta.

Metir Abdu:
Ranku ya daɗe, kaɗan daga ɓangaren doka. Kundin hukunta laifukanmu na 1961, a sashe na 282, ya yi maganar wanda ya aikata da ɗan jinsinsa da bai kai shekara 21 ba, ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3. Amma a farkon 2023 aka fara maganar tsaurarawa a nan, kuma iskar yankin duka ta juya: Mali ta sa hukunci a sabon kundinta a Disamban 2024, Burkina Faso ta bi a Satumban 2025 da ɗaurin shekara 2 zuwa 5. Don haka kada ma'aikacin lafiya ya ba kowa tabbacin cewa doka ba ruwanta da shi. Wannan aikin lauya ne, da rubutun da ke aiki a ranar.

Abin da bai sauya ba: sirrin mara lafiya wajibi ne a kanku, tona shi laifi ne. Tatsar kuɗi da barazana ma laifi ne ko wane ne aka yi wa, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2019. Wanda ake tatsa kada ya goge saƙonnin barazanar da shaidar tura kuɗi, ya adana su a wurin da ba salularsa ta kullum ba, ya daina biya, ya ga lauya kafin ya taka komisariya shi kaɗai. Kuskuren da aka fi yi shi ne gogewa cikin firgici, sannan a zo hannu biyu babu hujja.

Majo Lawali:
Madalla. To a dawo kan minti 15 ɗin nan, Dokta.

Dokta Mariyama:
Farko ƙofa. A rufe ta, a fitar da ɗan rakiya da ɗalibai, a faɗa da baki cewa abin da aka yi a nan ba ya fita. Kada a ɗauka ya sani. Sannan tambayar da ba ta tilasta masa ƙarya. In ka ce "ina matarka?" ka riga ka rufe maganar. Ka ce "akwai wanda kuke tare?", ko "wa ya fi kusa da kai, wa ke sanin in ba ka da lafiya?" In ya ce aboki, ka tsaya a kan aboki, kada ka tona. Da yawa sai a zuwa na 3 ko na 4 suke magana, bayan sun gwada ka sun ga labari bai fita ba.

A auna damuwa da takardar tambayoyin da ake kira PHQ-9. Tambaya 9 ce, kowace daga 0 zuwa 3, jimla 27. Daga 10 zuwa sama ana bukatar kulawa. Tambaya ta 9, ta tunanin mutuwa, ko 1 aka samu a tsaya a kanta: yana da shiri? yana da abin da zai yi amfani da shi a gida? Yin tambayar ba ya sa wa mutum tunanin. Binciken Caitlin Ryan na 2009 ya nuna matasan da danginsu suka ƙi su ƙwarai sun ninka sauran fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kai, don haka makon da asiri ya tonu a gida shi ne makon haɗari. A ba shi ranar dawowa cikin kwana 7, kada a ce sai wata.

In za a ba da maganin ciwon damuwa, a kula da abu uku. Amitriptyline na kisa in aka sha da yawa, kada a ba mai tunanin mutuwa na wata guda a hannu. Fluoxetine na ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninsa sosai, kuma yakan rage sha'awa ko ya jinkirta biyan bukata. In ba a faɗa tun farko ba, abokin zaman zai ce an daina sonsa ko an samu wani, mai shan kuma ya watsar da maganin a ɓoye. Na uku, a tambayi tramol, domin haɗa shi da fluoxetine na iya kawo farfaɗiya.

In su biyun suka zo, a fara ganin kowa shi kaɗai minti 5, a tambaya ko ana dukansa, ko ana riƙe masa kuɗi ko salula, ko ana yi masa barazanar tonawa. In akwai, ba a haɗa su zaman sulhu, tsaron wanda ake cuta ake fara nema. In babu, aikin da ya fi amfani shi ne a raba musu abin da ya fito daga waje da abin da yake nasu. A ce kowa ya kawo faɗa uku na ƙarshe. A kan kowanne a tambaya: da ba a tsoron idon mutane, da wannan faɗan ya tashi? Sau da yawa biyu cikin uku na waje ne. Daga nan su yi yarjejeniya a fili: wa ya sani, wa ba zai sani ba, yaya za a gaisa a hanya, wace kalma ce a waya ke nufin "akwai mutane, ba fushi nake ba". Kalma ɗaya irin wannan na sauke rigimar wata guda. Kuma kowannensu ya samu aƙalla mutum ɗaya amintacce ban da ɗan'uwansa, domin wanda aka ɗora wa zama masoyi da uwa da aboki da likita duka a lokaci ɗaya, zai gaji.

Salifu:
A ƙara da na jiki, don tsoron cuta ma na raba shimfiɗa. Mai shan maganin sida na TLD ƙwaya ɗaya kullum, in awon jini ya nuna ƙwayar cutar ta sauka ƙasa da 200, ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Binciken PARTNER2 da aka buga a 2019 ya bi maza masu zama da maza a Turai, aka ƙirga saduwa sama da 76,000 babu kwaroro, ba a samu ko ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. Mutane da yawa ba su taɓa jin wannan ba, suna zaune cikin fargaba a banza. Awon ana yinsa a wata na 6, da na 12, sannan shekara-shekara. Sharaɗin shi ne kada a yi tsallake, kuma tsallaken daga ɓoyewa yake zuwa: an juye ƙwaya a leda an tura ƙarƙashin katifa, an yi baƙi kwana 3 ba a samu ɗauka ba. A taimaka masa ya zaɓi lokaci da wurin ajiya da ba su dogara da kaɗaici ba.

In kwaroro ya fashe da wanda ba a san matsayinsa ba, maganin kariya cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28, kuma gara yau da gobe. Kunya ke sa a zo a kwana na 5. Fashewar kuma yawanci daga man kaɗe ne ko basilin, suna cin roba. Mai ruwa-ruwa da ake rabawa tare da kwaroron shi ne daidai.

Hajiya Rabi:
To in mai auren ne gwajinsa ya nuna yana da ita fa? Matar na zuwa awon ciki wurina. In yi shiru?

Majo Lawali:
Inna, ba ku za ku faɗa mata daga bakinku ba, kuma ba a barinta haka. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da hanyoyin taimaka wa mutum ya sanar da abokan kwanciyarsa, da yardarsa. Ko a yi alkawari da shi ya faɗa da kansa cikin wa'adin da aka tsayar, in ya wuce ma'aikaci ya kira ta gwaji. Ko ma'aikaci ya gayyace ta ba tare da ya ambaci sunan kowa ba. Ko su zo tare a faɗa a gaban ma'aikaci. Abin da ke sa maza irin wannan su ƙi shi ne suna zaton faɗin cutar daidai yake da faɗin ta inda ta zo. A gaya masa tun farko cewa abu biyu ne daban: matar na da haƙƙin sanin a gwada ta a kare ta da abin da ke cikinta, ɗayar maganar kuma ba za ta fito daga bakinmu ba. In ya ji haka yawanci yakan yarda. Ita kuma tunda gwajin sida na cikin awon ciki ga kowace mace, ku yi mata shi a zuwan farko kamar kowa. In bai nuna komai ba ku maimaita a watanni ukun ƙarshe, ku sake bayan haihuwa muddin tana shayarwa.